Ɗaukar nauyi: Ma'anar kalmar, asalinta da yadda ake amfani da ita

Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ji kalmar "ɗaukar nauyi" a labaran rediyo ko a bakin jama'a ba.

Gwamnati ta ɗauki nauyin karatun ɗalibai, wani attajiri ya ɗauki nauyin tafsirin watan azumi, jami'an tsaro na neman masu ɗaukar nauyin 'yan bindiga. Kalma ɗaya ce, amma a wani wuri yabo ce, a wani wurin kuma tuhuma ce da ka iya kai mutum gidan yari.

A yankunan kan iyaka irin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, wadda ke maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin, kalmar na cuɗanya da takwarorinta na Larabci da Turanci da Faransanci, kuma kowace na tafe da nata hukuncin.

Sanin bambancin da ke tsakaninsu na da muhimmanci, domin sau da yawa rigimar da ke kai mutane gaban alƙali kan faro ne daga abin da kowanne ɓangare ya fahimta a ranar da aka ce "na ɗauki nauyi".

Ginin kalmar

Kalmomi biyu ne aka haɗa, wato "ɗauka" da "nauyi", kuma dukkansu Hausa ce tsantsa, ba aro ba.

"Nauyi" na cikin rukunin sunayen da ke bayyana yanayin da jiki ke ji, kamar zafi, sanyi, tauri, kauri da zurfi. Masanin harshen nan F. W. Parsons ya yi nazari a kan wannan rukuni a shekarar 1955. Kamar yadda ake samun "zazzafa" daga zafi, haka ake samun "nannauya" daga nauyi.

Aikatau ɗin "ɗauka" kuwa yana sauya ƙarshensa gwargwadon abin da ya biyo bayansa. Ana cewa "ya ɗauki kaya", "ya ɗauke shi", ko "abin da ya ɗauka". A magana ta yau da kullum akan gajarta shi, a ce "ya ɗau nauyi".

Daidaitacciyar Hausa na rubuta "ɗaukar nauyi" da harafin "r". Sai dai a karin harshen yamma, wanda ake ji a Sakkwato da Kebbi, wannan harafi kan narke cikin baƙin da ya biyo shi, shi ya sa ake jin "ɗaukan nauyi", har wasu ke rubuta shi haka.

Akwai kuma bambanci tsakanin "ya ɗauki nauyinsa" da "ya ɗauke masa nauyi". Na farko na nufin ya mai da hidimar mutum tasa, na biyu kuma ya rage masa wata wahala guda, kamar biyan kuɗin magani sau ɗaya.

Daga kaya zuwa alhaki

Asalin hoton da ke cikin kalmar shi ne na ɗan dako da gammo a kansa. Kaya na da mai ɗorawa, da mai ɗauka, da kuma wurin saukewa.

Wannan hoto ne Bahaushe ya ɗauko ya sa wa alhaki. Ana "ɗora wa" mutum nauyi, nauyin ya "rataya a wuyansa", idan ya cika abin da aka ɗora masa sai a ce ya "sauke nauyi". Karin maganar da ke cewa alkawari kaya ne daga nan ta samo tushe.

Kalmar na da wata ma'ana ta uku, wato kunya da girmamawa. Wanda ke "jin nauyin" surukinsa ba ya iya haɗa ido da shi, balle ya musa masa.

Wannan ma'ana ta uku ba ta rabuwa da ta biyu. Wanda aka ɗauki nauyinsa yakan ji nauyin wanda ya ɗauka, kuma a nan ne alheri kan rikiɗe ya zama igiya. Hausawa na cewa idan baki ya ci, ido kan ji kunya.

Kafin zuwan rediyo

Tun kafin a san kamfani ko hukumar bayar da tallafin karatu, al'ummar Hausawa na da hanyoyin da wani ke ɗaukar hidimar wani, kowace da sunanta.

Akwai riƙo, inda goggo ko kawu ko kaka ke karɓar yaro su rene shi har su aurar da shi. Kalmar "tallafi", wadda a yau aka fi saninta da tallafin man fetur da aka janye a watan Mayun 2023, a da tana nufin irin wannan riƙo ne, kamar yadda ya fito a littafin Baba of Karo na Mary Smith da aka buga a 1954.

Akwai ubangida da baransa, da uwar ɗaki da 'yar ɗakinta. Ubangida na ciyarwa, ya tufatar, ya yi wa bara aure, shi kuma bara ya biya da hidima da biyayya.

Makaɗan fada ma a kan wannan tsari suka rayu. Ibrahim Narambaɗa ya yi zamansa ne a ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi kuma a fadar Sarkin Musulmi. Sarki na ba da gida da doki da riga, makaɗi na ba da suna da ba ya mutuwa.

Haka kuma malamin tsangaya da almajiransa sun dogara ne ga mutanen garin da suka sauka, waɗanda ke ba su masauki da abinci, wani lokaci har da gona.

A dukkan waɗannan, babu takarda babu sa hannu. Idon jama'a ne shaida, kuma tsoron abin kunya ne ke tilasta wa kowa cika nasa.

Fatake da masu masauki

Yankin Bagudo na da daɗaɗɗen tarihi a wannan fanni saboda hanyar fatauci da ta ratsa ta cikinsa.

A ƙarni na 19, ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato da Jega zuwa Gwanja kan ƙetare kogin Kwara a wurare irin su Illo, wadda a yau ke cikin ƙaramar hukumar Bagudo, su bi ta ƙasar Bargu da Djougou, har su isa kasuwar Salaga da ke ƙasar Ghana ta yanzu. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi bayanin wannan fatauci a littafinsa Caravans of Kola na 1980.

Madugu shi ke ɗauke da nauyin ayari. Shi ke sasantawa da sarakunan da za a bi ta ƙasarsu a kan kuɗin fito da na hanya, kuma idan wani ɗan ayari ya yi ɓarna, wuyan madugu ake kamawa.

Idan aka sauka zango kuma, nauyin kan koma kan mai masauki, wanda ake kira fatoma ko maigida. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali.

Mafi girman aikinsa shi ne tsayawa a tsakani idan an sayar da kaya bashi. Baƙo bai san mai saye ba, maigida ya sani, don haka idan mai saye ya gudu, maigida ne zai biya. Abner Cohen ya tarar da wannan tsari da ransa a unguwar Sabo ta Ibadan, a cinikin shanu da goro, ya kuma bayyana shi a littafin da ya wallafa a 1969.

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a birnin Paris ranar 14 ga watan Yunin 1898 ta raba ƙasar Bargu gida biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka faɗa hannun Ingila.

Iyakar ta raba dangi da masarautu, amma ba ta kashe al'adar maigida ba. Har yau ɗan kasuwar da ya tashi daga Lolo ko Tsamiya zuwa Malanville ko Segbana yakan nemi wanda zai sauka a hannunsa, haka shi ma baƙon da ya shigo daga can.

Abin da fiƙihu ya tanada

Larabci na da kalmomi da dama da ke ɗaukar wannan ma'ana, kuma malaman fiƙihu sun bambance su dalla-dalla.

Ta farko ita ce "kafala". Daga tushenta ne aka yi amfani da kalmar da ta bayyana riƙon da Annabi Zakariyya ya yi wa Nana Maryamu a cikin Suratu Ali Imrana. Haka kuma hadisin da Bukhari ya ruwaito a kan kusancin mai riƙon maraya da Manzon Allah (SAW) a Aljanna, da wannan kalma ya zo.

Musulunci ya kwaɗaitar da riƙon maraya, amma ya hana a sauya masa nasaba, kamar yadda ya zo a Suratul Ahzab. Yaron da aka ɗauki nauyinsa na ci gaba da amsa sunan mahaifinsa, kuma riƙo kaɗai ba ya sa shi cikin magada, sai dai a yi masa kyauta ko wasiyya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20.

Ta biyu ita ce "damana", wato tsaya wa wani a kan bashi. Daga wannan tushe ne Hausa ta samo kalmar "lamuni", domin harafin "ladi" na Larabci kan koma "l" a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a kalmomin alƙali, larura da lamiri.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a arewacin Najeriya da Nijar da Benin, na kuma kiran lamuni da sunan "hamala", daga aikatau ɗin da ke nufin ɗaukar kaya. Ke nan Balarabe da Bahaushe hoto ɗaya suka gani.

Sun kasa lamuni gida uku. Akwai lamunin dukiya, inda mai lamuni zai biya idan wanda ake bi ya kasa. Akwai lamunin fuska, inda ya yi alkawarin kawo mutumin a ranar da aka buƙace shi. Akwai kuma lamunin nema, inda aikinsa kawai shi ne ya nemo shi iyakar ƙoƙarinsa.

Wannan rabe-rabe na da amfani har gobe. Mutumin da ya je ofishin 'yan sanda ko kotu ya tsaya wa wani a ba da shi beli, lamunin fuska ya yi, kuma idan wanda ake tuhuma ya tsere, shi za a nema, ya kuma yi asarar kuɗin da ya sa hannu a kai.

Shigowar ma'anar zamani

Kalmar sponsor ta Turanci ta samo asali ne daga wani aikatau na Latin da ke nufin ɗaukar alkawari mai ƙarfi. A dokokin Rumawa tana nufin mai lamuni, daga baya coci ta yi amfani da ita ga wanda ke tsaya wa jariri a ranar baftisma.

A shekarun 1920 da 1930 ne gidajen rediyon Amurka suka ba ta sabuwar ma'ana, ta kamfanin da ke biyan kuɗin shiri domin a ambaci hajarsa.

Da aikin jarida ya kafu a ƙasar Hausa, daga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 zuwa gidan rediyon Kaduna a 1962, masu fassara sun buƙaci kalmar da za ta ɗauki irin waɗannan ma'anoni. Ba su ƙirƙiro sabuwa ba, sai suka faɗaɗa wadda ke hannu.

Bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar kafa gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, da kuma buɗe tashoshi irin su Freedom Radio a Kano a 2003, jimlar nan ta "wanda ya ɗauki nauyin kawo muku" ta zama abin da kowane yaro ya haddace.

A nan ma'anar ta ɗan kauce daga asalinta. Mai riƙon maraya na neman lada ne, kamfani kuwa ciniki yake yi, ya ba da kuɗi ya karɓi talla.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, misali ne a jihar Kebbi. Bikin da a da masarauta da jama'arta ke yi, ya kai matsayin da sai gwamnati da kamfanoni sun sa hannu, kuma ya yi kusan shekara goma ba a gudanar da shi ba kafin a dawo da shi a 2020.

Karatu, aure da kujerar Makka

A yau an fi jin kalmar a fannoni uku na rayuwar jama'a.

Na farko shi ne karatu. Gwamnatocin jihohi da 'yan majalisa da attajirai kan sanar da ɗaukar nauyin ɗalibai a gida da waje. Abin da ɗalibi ya kamata ya tantance tun farko shi ne iyakar alkawarin, ko kuɗin makaranta ne kaɗai, ko har da abinci da masauki da kuɗin jirgi, da kuma shekara nawa zai ɗauka, domin gwamnati kan sauya kafin a kammala digiri.

Iyayen da suka ɗauki nauyin 'ya'yansu zuwa jami'o'in Jamhuriyar Benin sun ga wani darasin a watan Janairun 2024, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ya samu digiri a Kwatano cikin 'yan makonni.

Na biyu shi ne aure. Tun bayan da hukumar Hisbah ta jihar Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012, jihohi da dama sun bi sahu, inda gwamnati ke biyan sadaki da kayan ɗaki. Sai dai nauyin ci da sha da tufafi da muhalli, wanda shari'a ta ɗora wa miji, yana nan a wuyansa bayan an watse daga wurin ɗaurin aure.

Na uku shi ne aikin Hajji. Malamai sun yi bayanin cewa wanda aka biya wa kujera hajjinsa ya yi, ko da ba shi da halin zuwa da kansa. Muhawarar da ake yi ita ce ta amfani da dukiyar jama'a wajen biya wa wasu tsiraru, abin da ya sa gwamnatin jihar Kaduna ta sanar da daina yin hakan a 2015.

Bashi ne ko kyauta?

A ƙauyukan da ke bakin kogin Kwara, inda ake noman rani na shinkafa da albasa, akan ji manomi ya ce wani ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyin nomansa na bana.

Galibi abin da ake nufi shi ne an ba shi iri da taki da man injin ban ruwa, a kan zai biya da amfanin gona idan an girbe. Wannan bashi ne, ko kuma sayen amfanin gona tun kafin ya nuna, wanda fiƙihu ya yarda da shi bisa sharaɗin a fayyace mudu da nau'i da ranar bayarwa.

Idan kuma jari aka ba shi a kan a raba riba, to wannan shi ne ƙiradi, kuma hukuncinsa dabam ne, domin idan aka yi asara ba tare da sakaci ba, mai dukiya ne ke ɗaukarta.

Irin wannan ruɗani ya bayyana a shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya, wanda shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. Rance ne da za a biya, amma manoma da dama a sassan ƙasar sun ɗauke shi a matsayin tallafi, kuma batun karɓo kuɗin ya zama babbar matsala.

Wannan ne ya sa dattawan kasuwa ke son a kira kowane abu da sunansa a gaban shaidu, tun kafin kuɗi su fita daga aljihu.

A fagen siyasa

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya shar'anta cewa duk mai neman kujerar shugaban ƙasa, ko gwamna, ko ɗan majalisa, sai ya kasance ɗan wata jam'iyya, kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi. Kalmar Turancin da aka yi amfani da ita a sashe na 131 da na 177 ita ce dai wadda ake fassarawa da ɗaukar nauyi, amma a nan ba kuɗi ake nufi ba. Fassarar da ta fi dacewa ita ce "tsayar da ɗan takara".

Haka ma idan aka ce ɗan majalisa ya ɗauki nauyin wani ƙuduri, abin da ake nufi shi ne ya gabatar da shi a zauren majalisa.

Wanda ke zuba kuɗi a bayan fage kuwa, sunansa ubangida, kuma rikicin iyayen gida da yaransu bayan an ci zaɓe sananne ne a siyasar ƙasar tun 1999.

Da an tsallaka iyaka zuwa Benin, sai kalmar ta sauya riga. A can ana cewa parrainage, daga kalmar Faransanci da ke nufin uban baftisma, kuma a siyasa tana nufin sa hannun zaɓaɓɓun wakilai.

Dokar zaɓen da aka yi a 2019 ta wajabta wa mai neman shugabancin ƙasar ya samu goyon bayan kashi 10 cikin 100 na 'yan majalisar dokoki da magadan gari, wato mutum 16. A watan Maris na 2024 aka ɗaga adadin zuwa kashi 15 cikin 100, wato mutum 28 daga cikin 'yan majalisa 109 da magadan gari 77.

A shekarar 2025, 'yan majalisa 28 cif babbar jam'iyyar adawa ta Les Démocrates take da su. Da ɗaya daga cikinsu ya janye sa hannunsa a watan Oktoban 2025, sai hukumar zaɓe ta ƙi karɓar takarar Renaud Agbodjo a zaɓen shugaban ƙasa na 2026.

Ke nan magajin garin Segbana, da ke maƙwabtaka da Tsamiya, na riƙe da wani iko da shugaban ƙaramar hukumar Bagudo ba shi da irinsa, duk kuwa da cewa kalma ɗaya ake fassara ayyukan biyu da ita.

Kafili a ƙasashen Larabawa

Matasa da matan da ke tafiya aikatau Saudiyya da sauran ƙasashen yankin Gulf sun san kalmar ta wata fuskar, wato kafili.

A tsarin kafala na waɗannan ƙasashe, takardar zaman ma'aikaci na ɗaure ne da sunan wanda ya ɗauko shi. Shekara da shekaru ma'aikaci ba ya iya sauya wurin aiki ko barin ƙasar sai da izinin kafilinsa, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama sun sha sukar tsarin da cewa yana buɗe ƙofar zalunci.

Ƙasar Qatar ta soke sharaɗin neman izini kafin sauya aiki a 2020. Saudiyya ma ta sassauta nata dokokin a watan Maris na 2021, ko da yake sassaucin na wancan lokaci bai haɗa da masu aikin gida ba.

Tsakanin Najeriya da Benin kuwa ba a buƙatar kafili. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, matuƙar yana da takardun tafiya.

Inda kalmar ke zama tuhuma

Ba kowane nauyi ne ɗaukarsa ke jawo lada ba.

A kan iyaka, bayan hana shigo da shinkafa ta ƙasa a 2016, da rufe iyakokin Najeriya a watan Agustan 2019, da hana kai man fetur gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka a watan Nuwamban wannan shekarar, an riƙa jin jami'ai na maganar masu ɗaukar nauyin fasa-ƙwauri.

Abin da suke nufi shi ne, yaron da aka kama da buhu ko jarka a kan babur ɗan dako ne kawai. Mai kayan, wanda ya sayi babur ɗin ya kuma biya kuɗin hanya, yana can cikin gari.

Mafi muni shi ne ɗaukar nauyin ta'addanci. Dokar yaƙi da ta'addanci ta Najeriya ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2011, ta tanadi hukunci mai tsanani ga duk wanda ya ba 'yan ta'adda kuɗi ko kayan aiki ko mafaka da saninsa, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba.

Batun ya shafi jihar Kebbi kai tsaye tun bayan ɓullar ƙungiyar Lakurawa a yankunan kan iyakar Kebbi da Sakkwato, wadda wata babbar kotun tarayya ta ayyana a matsayin ta 'yan ta'adda a watan Janairun 2025.

Hatta ƙasashe akan yi musu wannan tuhuma. Tun 1979 Amurka ke da jerin ƙasashen da take zargi da ɗaukar nauyin ta'addanci. Sudan ta shiga jerin a 1993, ba ta fita ba sai a watan Disamban 2020.

Saboda haka ne editoci ke jan kunnen masu fassara da su yi hattara. A ce wane "ya ɗauki nauyin" wani hari alhali kotu ba ta tabbatar ba, ɓata suna ne. Akwai kuma kuskuren da akan yi na cewa wata ƙungiya ta ɗauki nauyin hari, a inda ake nufin ta "ɗauki alhakin" kai shi. Na farko ya biya kuɗi ne, na biyu ya amsa cewa shi ya aikata.

Kalmomin da ke kusa da ita

Hausa ba ta rasa kalmomin da za su fayyace abin da ake nufi ba.

Gudummawa ita ce abin da aka bayar sau ɗaya domin a taimaka, kamar a biki ko gobara. Tallafi shi ne a rage wa mutum wani kaso na hidima, shi ya cika sauran. Lamuni tsayawa ne a kan bashin wani. Jari kuɗin juyawa ne da ake sa ran riba a kansu. Riƙo kuma reno ne na yau da gobe.

Ɗaukar nauyi ya fi su duka faɗi, domin a asalinsa yana nufin mutum ya mai da hidimar wani tasa gaba ɗaya, har zuwa inda aka yi alkawarin saukewa.

Shi ya sa a al'adance ba a yaba wa mutum a ranar da ya ɗauka, sai a ranar da ya sauke. Wanda ya ga kayan sun fi ƙarfinsa kuwa, ba abin kunya ba ne ya nemi a kama masa tun da wuri, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.